Inda Kwalta Ta Gaji

Motar haya ta sauke ni inda kwalta ta gaji,
direban ya juya, ko inji bai kashe ba.
Daga nan sai ƙafa, sai iska,
sai tumaki masu shuɗin fenti a ƙugu
suna kallona kamar na zo bin bashi.

Gida goma sha tara na ƙirga a bakin ruwa,
bakwai ne kaɗai ke hayaƙi.
Arewacin Sikotlan ke nan, inda ƙasa
ta zo a guje, ta leƙa teku, ta ja birki.

Ishbel ta ba ni ɗakin sama
da bargo biyu da shayi mai kauri.
Na nuna mata hoton tsuntsun da ya kawo ni,
mai baki ja da rawaya kamar wanda ya ci kwalliya.
Ta gyara tabarau, ta yi dariyar da ba ta da sauti:
"Ka makara da kwana tara, ɗana.
Sun gama reno, sun koma tsakiyar teku.
Ba sa jiran baƙo."

Na ce wa kaina, da babu gara ba daɗi.

Da asuba Torcuil ya kwance jirginsa,
tsoho mai hannu kamar saiwar kuka,
kalma uku ta ishe shi yini guda.
Warin kifi, warin man inji,
ƙaguwa na ƙwaƙular kwando a ƙarƙashin benci.
Ni da ban taɓa haye abin da ya fi kogi ba,
cikina ya hau, ya sauka,
ya tuno mini duk abin da na ci tun jiya.

Sai ga dutsen.
Baƙi wuluk, a tsaye, ba tsani ba matakala,
kashin tsuntsaye ya yi masa furfura.
Ruwa ya mare shi, ya koma, ya dawo ya ƙara,
shi kuwa ko gezau,
irin haƙurin wanda ya san abokin faɗansa tun fil azal.

A gindinsa karnukan ruwa sun baje,
masu ƙiba, masu gashin baki,
kamar attajiran da suka ci suka ƙoshi.
Ɗaya ya sulale, ya ɓullo dab da mu,
ya kafa mini ido baƙi, jiƙaƙƙe.
Na zo kallo, ashe ni ne abin kallon.

Muna cikin haka Torcuil ya kashe inji.
Na ɗaga madubin hange, ina neman abin da ya gani:
babu kifi, babu gaggafa,
ruwa ne kawai, irin na ko'ina.
Ya cire hula.
Iska ta yi wasa da ɗan gashin da ya rage masa.
Minti ɗaya, ko biyu.
Ya mayar da hula, ya tayar da inji.

Sai da dare, tana yanka burodi,
Ishbel ta ce, ba tare da ta dube ni ba:
"Ƙanensa ne, Lachie. Shekara talatin da ɗaya.
Jirgin ya dawo, shi bai dawo ba.
Da shi aka sa mini rana."
Ta tura mini man shanu.
"Ci, miyar za ta huce."

Na zo da jerin sunayen tsuntsaye,
ko rabi ban cike ba.
A bayan takardar na rubuta suna ɗaya
wanda ba ya tashi, ba ya ƙaura.

Da safe tumakin suka raka ni bakin kwalta.
A ƙasa, jirgin Torcuil ya riga ya fita,
ɗan ɗigo a kan faranti mai launin toka.
Ina jin bugun injinsa, tif, tif, tif,
sai na daina ji.

Na ajiye jaka.
Na cire hula.